Sunayen da Ke Rataye a Ganɗa

A ganɗa abin yakan fara, can sama inda mai baki ba ya gani sai da madubi da tocila. Tabo ne shimfiɗaɗɗe, launinsa tsakanin ja da shuni, ba zafi ba ƙaiƙayi, ko an danna shi ba ya dusashewa. Bayan watanni sai ya yi tudu, ya zama ƙulli-ƙulli, ya gangaro dasashi, ya riƙa fitar da jini in an tauna abu mai tauri. Idan likita ya yanki ɗan nama daga wurin ya aika ɗakin gwaji, takardar da za ta dawo tana ɗauke da sunan wani likitan fata da ya rasu tun 1902, da wata kalmar Girkanci, da jerin haruffa da lambobi: CD4, CD8, CD34, HHV-8. Kusan kowanne cikin sunayen nan an raɗa shi ne ranar da wani ya ga gefe guda na lamarin ya zaci ya ga duka. Namu na Hausa ma ba su tsira daga wannan ba, musamman kalmar da ta fi saurin zuwa bakinmu in ana maganar garkuwar jikin mai HIV, wato karyewa.

Ƙanjamau an gina ta bisa tsohon tsari. Bahaushe yakan ɗauki aikatau ya liƙa masa "au" a ƙarshe ya mai da shi laƙabin wanda aikin ya zame masa hali: mai yawan mantuwa Mantau, mai jimiri Jimrau, wanda ya gagari kowa Gagarau. Haka ciwon da ke sanƙarar da wuya ya zama sanƙarau, mai ƙanjamar da jiki ya zama ƙanjamau. Sunan ya dace da abin da ido ya gani a shekarun da babu magani. An gano masu cutar na farko a Nijeriya a 1985, aka ba da rahotonsu a 1986, kuma abin da dangi suka riƙa gani shi ne gudawa da tari da rama har ƙashi ya fito. Mutanen Rakai a Yuganda su ma ramar suka duba, suka ari kalmar Turanci ta siriri suka sa wa cutar, har sunan ya shiga mujallar likitoci a 1985. A Maraɗi da Damagaram sida ake cewa, gajarcen Faransanci ne ya zama kalma. Sai sunayen kewaye-kewaye, irin su cutar zamani da kabari kusa, waɗanda tsoron mai magana kawai suke bayyanawa.

Illar ƙanjamau ita ce tana sa a nemi cutar a kan sikeli. Mutum na iya zama da kumatunsa da tumbinsa, tabon nan yana zaune a ganɗarsa, kuma a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya shi kaɗai ya isa a sa mai HIV a mataki na huɗu, wanda shi ne na ƙarshe. Kimanin ɗaya cikin biyar na masu HIV da wannan ƙari ya kama, a baki ya fara bayyana musu kafin fata. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan cuta sau da yawa labarin jini baki ake tambaya.

A 2017 wata tawagar masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ta ba da shawarar a kira HIV karya-garkuwa, a bar wa AIDS ƙanjamau. Raba biyun gyara ne mai kyau, domin mai ɗauke da bairos ɗin daban, wanda ya kwanta daban. Sai dai garkuwa abu ne guda, na fatar dabba, ana riƙe ta a hannu, ko dai tana nan lafiya ko ta tsage. Abin da muke kira da sunanta a jiki kuwa taro ne na ƙwayoyi iri-iri da ake haifa, suna yawo, suna aika wa juna saƙo da sinadarai, suna mutuwa ana maye gurbinsu. Ma'aikatan asibiti sun fi kusa da gaskiya da suke cewa sojojin jiki. Za ka ji nas ta ce, "Hajiya, sojojinki sun ragu, saura 180, don Allah kada ki tsallake magani." Ita ma soja tana da nata giɓin, tana sa a ɗauka ƙidaya ce kaɗai zancen. Sannan ga rikicin kalmar ƙwaya, wadda muka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta: ƙwayar cuta ta shiga ƙwayar jini, sai a sha ƙwaya. A nan zan ce bairos ga mai shigowa, ƙwayar jiki ga 'yan gida. Fararen ƙwayoyin jini kuma, a sani, ba ruwansu da farin jini.

Moritz Kaposi ba da wannan suna aka haife shi ba. Kohn ne sunan gidansu, Bayahude ne daga garin Kaposvár na ƙasar Hungari, haihuwar 1837. Ya yi karatun likita a Biyana, ya zama almajirin Ferdinand von Hebra, babban likitan fata na zamaninsa, ya auri 'yarsa, sannan a 1871 ya ajiye Kohn ya ɗauki sunan garinsu, al'adar da ba baƙuwa ba ce gare mu. Kaposhi ake furtawa da harshensu. A 1872 ya wallafa bayanin maza biyar, dukansu manya, masu ƙulle-ƙulle masu duhu a ƙafafu da hannaye. Sunan da ya sa wa ciwon doguwar jimla ce: sarkomar fata mai launi, mai fitowa wurare da yawa, wadda ba a san sanadinta ba. Waɗanda suka biyo baya ne suka gajarta suka rataya wa ciwon sunansa. Daga cikin jimlar tasa launi da yawan wurare ne kawai suka tsira har yau ba gardama.

Sarkoma ta fito daga kalmar Girkanci ta tsoka, kuma likitoci na amfani da ita ga kansar da ta taso daga ƙashi ko tsoka ko hanyoyin jini. Kansa a ƙa'ida zuriyar ƙwaya ɗaya ce da ta ɓalle, tana hayayyafa ba ta komawa baya. Ƙarin Kaposi bai cika bin wannan ƙa'ida ba. A farkonsa ana samun zuriya fiye da ɗaya a cikinsa. Mutumin da aka yi wa dashen ƙoda, ana ba shi maganin danne garkuwa, in ƙarin ya fito masa aka rage maganin, yana iya motsewa har ya ɓace. Kuma abin da madubin likita ke nunawa a tabon ganɗa sabon fitowa yana ba ɗalibi mamaki. Ƙwayoyin ƙarin na ainihi, dogaye masu tsini biyu, 'yan kaɗan ne. Suna ɗauke da alamar CD34 ta rufin hanyoyin jini, da wasu alamomi na hanyoyin ruwan kaluluwa, har yau ana musu kan wanne ne asalinsu. Sauran wurin cike yake da siraran hanyoyin jini masu yoyo, da jajayen ƙwayoyin da suka malalo waje, waɗanda su da ragowar ƙarfen da ke cikinsu ke ba tabon launinsa, sannan da tarin ƙwayoyin garkuwa: masu CD8, da makrofaj, da ƙwayoyin filasma. Wato ƙarin da ya fito wa wanda aka ce garkuwarsa ta karye, in an buɗe shi, da 'yan garkuwa yake cike.

Ba kallo suka zo yi ba kuwa. Sinadaran kumburi da suke fitarwa, irin su IL-6 da intaferon gama, su ne abincin ƙwayoyin nan masu tsini biyu, su ke sa su hayayyafa su janyo sababbin hanyoyin jini. Shi ma HIV yana da wani furotin, Tat, da ke fita daga ƙwayoyin da ya shiga yana ƙara wa wutar mai. Wannan ne ya sa wasu masana suke kallon farkon ciwon a matsayin kumburi da ya ƙi ƙarewa, sai a hankali ya rikiɗe ya zama kansa sosai.

Batun rashin sanin sanadi ya ɗauki shekara 122. Kafin nan ciwon ya yi ta samun laƙabi gwargwadon wanda aka gan shi a jikinsa. Na dattawan gaɓar Bahar Rum da Yahudawan gabashin Turai aka ce shi ne na asali. A shekarun 1950 da 1960 aka same shi da yawa a Yuganda da gabashin Kongo, har da yara, aka ce na Afirka. Aka gan shi a masu dashen ƙoda, aka ce na magani. Ranar 3 ga Yuli 1981, wata guda bayan rahoton farko na samari biyar masu wani baƙon ciwon huhu a Los Angeles, hukumar CDC ta Amurka ta ba da labarin maza 26 a New York da Kalifoniya masu sarkomar Kaposi. Jaridu suka ce kansar 'yan luwaɗi, aka fito da gajarcen GRID mai jingina cutar gare su, sunan da ya ɓatar da hankali daga mata da jarirai da masu karɓar ƙarin jini har aka sauya shi da AIDS a 1982. A Lusaka kuwa, likitar tiyata Anne Bayley ta lura tun 1983 cewa tsohon ciwon da ta saba gani a ƙafafu ya sauya hali, yana hawa fuska da baki, yana kisa da sauri. Sai a 1994 Yuan Chang da mijinta Patrick Moore, a Jami'ar Kolombiya ta New York, suka ciro sinadarin gadon halittar wani bairos daga naman ƙarin, na takwas a dangin hapis masu kama ɗan Adam. Shi ne HHV-8. Yana cikin duk nau'ukan nan huɗu, kuma ta yawu ya fi yaɗuwa, a Afirka galibi tun ƙuruciya.

Ashe ba HIV ne ke shuka ƙarin ba. Irin ciyawar yana cikin ƙasa tun tuni, HIV mai noman ya kwantar, gona ta cika. Miliyoyin mutane na ɗauke da HHV-8 har su mutu ba su ga tabo ko ɗaya ba.

CD4, da marasa lafiya suka haddace kamar lambar waya, ba sunan ƙwaya ba ne tun asali. A ƙarshen shekarun 1970 ɗakunan bincike sun koyi haɗa sinadaran da ke manne wa furotin guda a bayan fararen ƙwayoyin jini, kowa ya sa wa nasa suna. Wani ya ce OKT4, wani ya ce Leu-3, ashe abu ɗaya suke kamawa. Aka yi taro a Faris a 1982 aka tara su rukuni-rukuni aka ba kowane rukuni lamba, haruffan CD na nufin rukunin bambancewa. Yau lambobin sun haura 350. CD4 dai furotin ne da ke bayan ƙwayoyin T mataimaka, kuma T ɗin daga timos yake, wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji inda suke samun horo. A 1984 aka tabbatar cewa ta nan HIV yake kamawa ya shiga. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 da 1,500 a maikurolita ɗaya na jini. Tun 1993, a ma'aunin Amurka, in sun sauka ƙasa da 200 an shiga AIDS ko da ba wani ciwo.

Amma lambar daga jinin hannu aka ɗebo ta, kuma mafi yawan waɗannan ƙwayoyi ba a jini suke zaune ba, suna cikin kaluluwa da rufin hanji da na baki. A can ɓarna take fara yin muni, cikin makonnin farko na kamuwa, lokacin da jini bai nuna komai sosai ba. Cikin waɗanda ake fara rasawa har da wani reshe da ake kira Th17, mai tsare rufin baki daga funfunar kandida. Shi ya sa farin dattin nan mai gogewa da auduga yakan riga ƙari zuwa. Su kuwa masu CD8, masu kashe ƙwayar da bairos ya shiga, yawa suke ƙarawa. A lafiyayye masu CD4 sun fi su yawa, sau da yawa ninki biyu, a mai HIV lissafin ya juye. Suna nan da yawa, aiki ne ba su yi. Shekaru suna fama da bairos ɗin da ba ya ƙarewa, sai su fito da wani furotin a bayansu mai taka musu birki. Masana suna ce wa wannan hali gajiya, furotin ɗin kuma PD-1, gajarcen shiryayyiyar mutuwa, domin Tasuku Honjo na Jami'ar Kiyoto ya gano shi a 1992 yana neman abin da ke sa ƙwayoyi su kashe kansu. Bai da alaƙa da hakan sosai, amma suna ya riga ya bi shi, har ya kai mai shi ga kyautar Nobel a 2018. HHV-8 shi ma ba zaune yake ba. Yana da furotin biyu, K3 da K5, masu sauke alamar da ƙwaya ke ɗagawa don ta sanar cewa an shige ta, sai mai CD8 ya wuce bai gani ba.

Akwai kuskuren fahimta da ya fi na PD-1 tsufa. A 1868 wani ɗalibin likita a Berlin, Paul Langerhans, ɗan shekara 21, ya rina fata da sinadarin zinariya ya ga wasu ƙwayoyi masu rassa, ya yanke cewa na jijiyoyin ji ne. An haura shekara ɗari kafin a gane aikinsu. Suna zaune cikin rufin fata da na baki, suna kama duk baƙon da ya shigo, su ɗauki guntunsa su kai kaluluwa su nuna wa ƙwayoyin T. Su ma suna da CD4 a bayansu. A bakin mai HIV suna raguwa, kuma inda aka fi ganin rashinsu shi ne cikin wani farin tabo da ke fitowa a gefen harshe, wanda Deborah da John Greenspan suka bayyana a San Francisco a 1984. Sunansa lukoplakiya mai gashi. Gashi babu ko sili, tabo ne mai layi-layi da ba ya gogewa. Kalmar lukoplakiya kuma, farin faifai da Girkanci, tana tayar da hankalin likitan haƙori, don irin wadda taba ke kawowa tana iya zama kansa. Wannan ba ta zama. Bairos ɗin Epstein-Barr ne ke hayayyafa a rufin harshe inda masu kai rahoto suka yi ƙaranci. Ba ƙari ba ce, amma takan zama sanarwar cewa hanya ta buɗe wa ƙari.

Inda kalmar karyewa ta fi gazawa shi ne wajen ƙwayoyin B. Harafin ma daga kaza ya zo. A 1956 Bruce Glick ya nuna cewa in aka cire wa ɗan tsako wata 'yar jaka da ke kusa da duburarsa, wadda ake kira bursa, ba ya iya haɗa antibodi, wato sinadarin da ke kama baƙon da ya shigo jiki, ya kuma buga sakamakon a mujallar kiwon kaji. Ɗan Adam ba shi da jakar, a ɓargo nasa ke girma, amma harafin ya zauna. A jikin mai HIV waɗannan ƙwayoyi zabura suke yi. Tun 1983 aka lura jinin masu AIDS cike yake da antibodi fiye da kima, mafi yawansu marasa amfani. Ƙwayar B kuwa, a aikinta na yau da kullum, tana yanka gadonta tana sake ɗinkewa don ta kyautata antibodinta. In ta yi ta yin haka ba hutu, ba mai tsawatarwa, ga kuma Epstein-Barr da ke zaune cikin fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan duniya yana zuga ta, wata rana ɗinkin zai karkace. Abin da ke fitowa shi ne limfoma, kansar da ita kanta ƙwayar garkuwa ce.

Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana ƙarin muƙamuƙin yaran Afirka a 1958, shi ma sarkoma ya kira shi. Ba a jima ba aka gane limfoma ce. Daga namanta aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a Landan a 1964, kuma mutum uku ne suka yi aikin: Anthony Epstein, da Yvonne Barr, da Bert Achong ɗan Tirinidad, wanda ya ƙware kan madubin lantarki da aka ga bairos ɗin da shi. Sunan ya ɗauki biyu ya bar na uku. Wannan limfoma ta yara, mai tafiya tare da zazzaɓin cizon sauro, asibitocin Nijeriya sun san ta tun kafin HIV. Ta masu HIV ta fi son ciki da kaluluwa da ɓargo, kuma takan zo ne tun CD4 bai faɗi ƙasa da 200 ba. Lamba mai kyau ba ta hana ta.

Wadda ta fi son baki ita ce limfomar filasmabilas. A 1997 Delecluse da abokan aikinsa a Berlin suka bayyana mutum 16 masu ita, 15 daga ciki masu HIV, suka sa mata "ta kogon baki" a cikin sunanta. Takan taso a dasashi ko ganɗa, ta kumbura cikin makonni, ta girgiɗa haƙora har a zaci ciwon haƙori ne a cire. Ƙwayar B ce da ta tsaya a tsakiyar hanya, ta bar ƙuruciya ba ta kai cikakkiyar ƙwayar filasma ba. Don haka ta zubar da CD20, alamar da ake gane 'yan B da ita, ta ɗauki CD138. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne ga mai jinya, domin rituksimab, maganin da ya sauya jinyar limfoma, CD20 yake kamawa, a nan ba shi da abin riƙewa. Daga baya aka yi ta samun ta a hanji da hanci da fata, har a waɗanda ba su da HIV, sai jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya cire bakin daga sunan.

A gida duk waɗannan daji ne. Daji kalma ce mai faɗi da ta haɗa kumburi iri-iri, da na kansa da wanda ba shi ba, kuma tana tafe da hukuncinta: daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Na fi jin tsoron wannan jimla fiye da duk sunayen Girkancin da ke sama. Jan ƙulli a dasashin mai HIV yana iya zama sarkomar Kaposi, yana iya zama limfoma, yana iya zama wani ciwo da bakteriyar Bartonella ke kawowa, mai kama da Kaposi ƙwarai a ido, wanda maganin kashe bakteriya irin su eritromaisin ke warkarwa. Ƙwararren likita ma ido na yaudararsa. Abin da ke raba su ɗan yanki ne na nama, a rina shi a nemi LANA, furotin ɗin HHV-8 da ke bayyana ɗigo-ɗigo a tsakiyar ƙwayoyin ƙarin. Ba a samun yankin sai da ƙarfe.

Tun 1989 likitoci suna auna nauyin Kaposi da haruffa uku, ɗaya na ƙarin, ɗaya na garkuwa, ɗaya na sauran jiki, kuma baki yana da matsayi na musamman a ciki. Tabo shimfiɗaɗɗe da bai wuce ganɗa ba yana ajin mai sauƙi, sau da yawa maganin HIV kaɗai ya ishe shi. In ya yi ƙulli ya bazu a baki an koma aji mai nauyi, tare da na huhu da na hanji, sai an haɗa da allurar kansa irin su paklitaksel. A nan ne wani abu ke faruwa da garkuwa ta fata ba za ta iya bayyanawa ba. An fara magani, bairos ya ragu a jini, CD4 na hawa, sai cikin makonni ƙarin ya ƙara girma, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Likitoci na ce masa IRIS, kumburin farfaɗowar garkuwa. Ƙwayoyin da suka farka sun auka wa HHV-8 da hayaniya, sinadaran kumburinsu kuma su ne abincin ƙarin. Mai jinya da danginsa sukan ce maganin bai karɓe shi ba, su daina, alhali ci gaba da shi ake so tare da allurar kansa. Magungunan sitiroyid, da ake kwantar da irin wannan kumburi da su a tarin fuka, Kaposi ƙara hura shi suke yi. Ina ambaton wannan ne saboda ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda da yawansu deksametason ne. Wanda ke gudun a gan shi a rame a ce ƙanjamau, ya je ya saya don ya yi kumatu, yana iya ciyar da abin da ke ganɗarsa bai sani ba.

Su kansu likitoci sun raba kansar masu HIV gida biyu. Uku aka ce su ke tabbatar da AIDS: Kaposi tun 1982, limfoma mai zafi daga 1985, kansar bakin mahaifa daga 1993. Sauran aka bar su da suna na korewa, waɗanda ba su tabbatarwa. Rabon na masu ƙidayar annoba ne, an yi shi don a san wa za a rubuta a rajista. Da haɗin magunguna uku ya zo a 1996, Kaposi ta ragu ƙwarai a ƙasashen da suka samu, lukoplakiya mai gashi ta yi wuyar gani, amma a San Francisco sai aka ga ƙurajen bairos ɗin HPV sun ƙaru a bakin masu shan magani. Kansar maƙogwaro da gindin harshe da HPV-16 ke kawowa, da kansar rufin baki mai bin taba da giya, duk suna ajin korewa, kuma masu HIV sun fi sauran mutane kamuwa da su. Tun 2015 ba a jiran CD4 ya faɗi kafin a fara magani, yawan bairos a jini aka fi bibiya, kuma takardun Hukumar Lafiya ta Duniya sun fi cewa HIV da ya yi nisa maimakon AIDS.

A 2007 likitoci a San Francisco suka ba da rahoton maza tara masu shan magani, bairos ya kwanta a jininsu, CD4 ɗinsu ya haura 300, amma ga Kaposi a fatarsu, mai tafiya a hankali irin ta dattawan Bahar Rum. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne lamba ta dawo amma ba dukan zuriyoyin ƙwayoyin T ba, masu gane HHV-8 na iya zama cikin waɗanda suka tafi ba su dawo ba, masu CD8 kuma har yanzu sun rinjayi masu CD4 kamar yadda ake gani a jinin tsofaffi. Sun sa wa wannan hali suna tsufan garkuwa, ko da mai ita bai kai hamsin ba.